Gidajen kwanan ɗalibai a jami'ar Tahoua: minene aikin ɗaliban da aka ɗora wa kula da ƴan uwansu?

Kowace shekara, da zaran sakamakon jarrabawar bak ya fito, murna kan cika gidaje daga Tahoua zuwa Keita, Buza, Illela, Abalak da Cintabaraden. Sai dai murnar ba ta daɗewa kafin uwaye su shiga lissafi. Ina yaron zai kwana? Mi zai ci? In ciwo ya kama shi cikin dare, wa zai kai shi likita? Da yawa suna tsammanin akwai wani ma'aikacin gomnati da ke tsaye kan ɗiyansu dare da rana, kamar yadda ake yi a makarantun kwana na sakandare. A jami'a lamarin ba haka yake ba. In an rufe ofisoshi da marece, ma'aikata sun koma gidajensu, mafi yawan nauyin zaman gidajen kwana yana komawa kan wasu ɗalibai ne, waɗanda ƴan uwansu suka zaɓa ko ƙungiyarsu ta naɗa.

Waɗannan matasa ba su da albashi, kuma ba hukuma ba ne. Duk da haka su ne farkon waɗanda ake ƙwanƙwasa wa ƙofa in rigima ta tashi, in famfo ya lalace, ko in wani ya suma. Sanin aikinsu, da inda huruminsu ya tsaya, yana da amfani ga ɗalibi, da uwayensa, har da mutanen garin da ke maƙwabtaka da jami'a.

Jami'a sabuwa, buƙata mai yawa

Shekaru da dama Nijar ta yi da jami'ar gomnati guda ɗaya tak, wato ta Yamai, wadda aka kafa a 1973, aka kuma laƙaba mata sunan Abdou Moumouni a 1992. Ɗan Adar da ya ci bak a wancan lokaci sai ya yi tafiyar kilomita kusan 550 zuwa babban birni, ko ya nemi gurbi a wata ƙasa. A 2008 ne aka buɗe cibiyoyin koyon fasaha na IUT a Tahoua, Maraɗi da Damagaram. A 2010, zamanin riƙon ƙwarya na Salou Djibo, aka mayar da su cikakkun jami'o'i. A 2014 kuma aka ƙara huɗu, a Agadas, Difa, Doso da Tilaberi.

Jami'ar Tahoua a yau tana ɗauke da sunan Farfesa Djibo Hamani, masanin tarihin nan da ya rubuta tarihin ƙasar Adar kafin zuwan Turawa, da na masarautar Abzin. Baya ga IUT, ana karatun shari'a, tattalin arziki da gudanarwa, ilimin koyarwa da kuma ilimin noma. Ɗalibanta ba ƴan jaha kaɗai ba ne, suna zuwa daga kowane yanki na ƙasa. A ɗaki guda za ka iya tarar da Bahaushe, Bazabarme, Buzu, Bafillace da Babarbare, kowa da harshensa da irin tarbiyyar gidansu.

Abin da ya haɗa jami'o'in ƙasar duka shi ne yawan ɗalibai ya fi gudun gine-gine. Kowace shekara masu neman ɗaki sun fi gadajen da ake da su. Wanda bai samu ba sai ya kama haya a unguwa, ko ya sauka gidan dangi, ko ya raɓa a ɗakin aboki. Daga wannan ƙarancin ne kusan dukan matsalolin gidajen kwana ke tasowa, daga nan ne kuma aikin ɗalibai masu kula yake samun nauyinsa.

Hannu uku a gida ɗaya

Mai son fahimtar zaman gidajen kwanan, waɗanda ɗalibai ke kira site, sai ya fara rarrabe hannuwa uku da ke aiki a wurin.

Na farko shi ne hukumar jami'a, ƙarƙashin shugabanta. Ita ke kula da karatu, jarrabawa da takardun shaida. Ita ce kuma ke da majalisar ladabtarwa, wadda za ta iya yi wa ɗalibi gargaɗi, ta dakatar da shi, ko ta kore shi.

Na biyu shi ne CROU, ma'aikatar da ke kula da jin daɗin ɗalibai a matakin jaha. Ɗakuna, gidan abinci da ake kira resto, motocin jigila, ɗakin shan magani, wasanni da al'adu duk suna hannunta. Ita ke da gine-ginen a hukumance, ita ke ɗaukar masu gadi, masu dafa abinci da masu shara, ita ce kuma ke da ikon bai wa ɗalibi ɗaki ko ta karɓe shi. Kuɗin burs da tallafin da ake bai wa waɗanda ba su da burs kuwa ba aikin CROU ba ne, na hukumar ANAB ne. Rashin sanin wannan bambanci yakan sa a kai kuka inda ba a da maganinsa.

Na uku shi ne ɗaliban da kansu. Ƙungiyar ƴan makaranta ta ƙasa, USN, wadda aka kafa a 1960, tana da reshe a kowace jami'ar gomnati, kuma kowane reshe yana da komitin zartarwa da ɗalibai ke zaɓa. A cikin wannan tsari akwai masu kula da lamurran jin daɗi, akwai wakilan gine-gine, akwai kuma komitin kiyaye oda da aka fi sani da CASO, wanda ya yi suna a jami'ar Yamai. Sunayen muƙaman kan bambanta daga jami'a zuwa jami'a, amma aikin kusan ɗaya ne. Ban da USN akwai ƙungiyar ɗalibai Musulmi ta AEMN, da ƙungiyoyin ƴan gari ɗaya ko gunduma ɗaya, waɗanda su ma ke riƙe da wani ɓangare na nauyin, musamman wajen tarbar baƙi.

Wannan tsari ba baƙo ba ne ga Bahaushe. A makarantar allo, malam ba ya kwana da kowane almajiri. Gardi ne ke lura da ƙanana, ya tashe su karatu, ya raba faɗa, ya kai wa malam abin da ya fi ƙarfinsa. Wakilin ɗalibai ma haka yake, da bambanci guda: waɗanda yake kula da su ba yara ba ne, sa'o'insa ne, wasu ma sun girme shi.

Tarbar sabbin zuwa

Aiki na farko yana farawa tun daga tasha. A ce yaro ya taso daga wani ƙauye na Keita, bai taɓa kwana a birni ba, yana riƙe da jaka ɗaya da takardunsa cikin leda. Bai san ofishin rajista ba, bai san inda ake ajiye takardar neman ɗaki ba, bai san yadda ake sayen tikitin resto ba. Wakilan ɗalibai da ƴan ƙungiyar garinsu ne ke nuna masa waɗannan ƙofofi ɗaya bayan ɗaya, su kuma sama masa inda zai shimfiɗa tabarma kafin jerin sunayen masu ɗakuna ya fito.

Makonnin farko su ne mafi haɗari ga sabon ɗalibi. A cikinsu ne ake damfarar wanda bai san gari ba, a ce masa ya ba da kuɗi a sama masa gado. A cikinsu ne kewar gida ke sa wani ya tattara kayansa ya koma, ko ya bi ayarin masu tafiya bida zuwa Abijan ko Libiya, hanyar da samarin Adar suka daɗe da sani. Wakili nagari shi ne wanda ke lura da yaron da ya kwana biyu bai fito aji ba, ya je ya tambaye shi lafiya.

Rabon ɗakuna

Babu inda ake gwada amanar wakili kamar wajen rabon ɗakuna. A ƙa'ida CROU ke rabawa, bisa sharuɗɗan da ta gindaya. Amma wakilan ɗalibai ne suka fi kowa sanin wanda ke kwana a kowane ɗaki, wanda ya gama karatu bai miƙa mabuɗi ba, da wanda ke da buƙata ta musamman, kamar naƙasasshe da ba zai iya hawa bene ba ko mai ciwon da ke buƙatar kusanci da ɗakin magani. Saboda haka ra'ayinsu yana da nauyi.

A nan ne son kai ke iya shigowa. In wakili ya fifita ɗan garinsu, ko wanda ya taya shi yaƙin neman zaɓe, ko wanda ya miƙa masa wani abu, to ɗan talakan da ba shi da kowa ne zai kwana a baranda. Maganin wannan ba boyayye ba ne: a rubuta sharuɗɗan rabon, a manna su inda kowa zai gani, a manna sunayen waɗanda suka samu, a kuma buɗe ƙofar ƙorafi wadda ba ta bi ta hannun wanda ake ƙorafi a kansa ba.

Sai batun masu raɓawa. Ɗakin da aka gina don mutum biyu ko huɗu yakan ɗauki fiye da haka, domin Bahaushe ba ya iya barin ɗan uwansa a waje. Wannan kara ce mai kyau, amma tana da tsada: makewayi na cika, wayar lantarki na ɗaukar zafi, cuta na yaɗuwa da sauri. Abin da ake buƙata daga wakili shi ne ya san adadin mutanen da ke kwana a gininsa da sunayensu. Ranar da gobara ta tashi, wannan lissafi ne zai nuna ko kowa ya fito.

Layi, ruwa da wuta

Sau uku a rana ɗaruruwan matasa masu jin yunwa kan haɗu a ƙofa ɗaya. Haka ma wajen shiga bas. In babu mai tsaida layi, mai ƙarfi ne zai ci, mata da naƙasassu su koma baya. Tsaida layi na cikin tsofaffin ayyukan komitin oda na ɗalibai, kuma shi ne aikin da kowa ke gani. Wakilan kan sa ido a kan yawan abinci da tsabtarsa, su kai ƙorafi ga CROU in an ga canji.

A Tahoua, watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40. In ruwa ya yanke ko wuta ta ɗauke a irin wannan lokaci, ginin da ya cika da mutane ba ya zaunuwa, kuma rai yakan ɓaci da wuri. Wakili ba shi ne mai gyaran famfo ba. Aikinsa shi ne ya rubuta abin da ya lalace, da ranar da ya lalace, ya kai wa wanda ke da alhakin gyara, ya koma ya bibiya, ya kuma faɗa wa mazauna ginin gaskiyar abin da aka gaya masa. Kukan da aka rubuta da kwanan wata ya fi wuyar mantawa bisa wanda aka faɗa a bakin ƙofa.

Ɗaya gefen aikin kuma ya shafi ɗaliban da kansu: tsara ranakun shara, hana zubar da ruwan wanki a hanya, jan kunnen masu barin famfo a buɗe. Wayar lantarki ita ce babbar barazana. Na'urar dafa ruwa, rishon lantarki, dutsen guga da cajojin waya goma a kan soket ɗaya sun isa su tayar da gobara. Ya kamata kowane wakili ya san inda ake kashe wutar ginin gaba ɗaya, ya tabbata ba a toshe hanyar fita da babura ba, ya kuma san lambar ƴan kwana-kwana, wato 18, da ta ƴan sanda, 17.

Sulhu

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Wani yana son karatu har ƙarfe biyu na dare da fitila a kunne, wani yana son barci. Wani ya tara abokai ana shan shayi ana kiɗa, wani yana da jarrabawa da safe. An ci bashin jikka biyu ba a biya ba. An ɗauki guga ba a mayar ba. Irin waɗannan ne ke cika kunnen wakili kullum, kuma yawancinsu ana kashe su da zama ɗaya, in mai sulhun ya saurari kowane ɓangare shi kaɗai kafin ya haɗa su.

Abin tsoro shi ne ƙaramar rigima ta ɗauki launin yare, yanki, aƙida ko siyasa. Faɗan mutum biyu a kan fanka yana iya zama faɗan ƴan gari kaza da ƴan gari kaza cikin dare ɗaya. Shi ya sa ake son wakili ya zama na kowa. Ranar da aka gane yana da ɓangare, maganarsa ta daina kashe wuta.

Lafiya

Cututtukan jahar nan suna da lokutansu. Zazzaɓin cizon sauro yana tsananta daga tsakiyar damina zuwa kaka. Sanƙarau kuma yana zuwa da rani, lokacin ƙura da zafi, kuma ya fi son inda mutane ke kwana a cunkushe. Ba a manta da 2015 ba, shekarar da annobarsa ta kashe sama da mutum 500 a Nijar, har aka rufe makarantun Yamai na ɗan lokaci a watan Afrilu. Zazzaɓi mai zafi, ciwon kai mai tsanani, sanƙarewar wuya, amai ko ruɗewa alamomi ne da ba a jiran wayewar gari a kansu.

Wakili ba likita ba ne, bai kamata ya ba da magani ba. Abin da ke kansa shi ne ya gane haɗari, ya nemo abin hawa, ya kai marar lafiya ɗakin shan magani ko babbar likitar jaha, ya sanar da CROU da dangi. Akwai kuma ciwon da ba a gani. Ɗalibin da ya faɗi jarrabawa ya daina magana da kowa, wanda kuɗinsa suka ƙare yana jin kunyar faɗi, wanda ya fara shan taramol don ya jure karatun dare. Abokan kwana ne ke fara lura da su. Abin da ake so a nan shi ne rufin asiri da haɗa mutum da wanda zai taimake shi, ba tallata shi a fada ba.

Ɓangaren mata

Uwaye da yawa a Adar ba kuɗi ne ke hana su barin ɗiya ta wuce jami'a ba, tsoron inda za ta kwana ne. Don haka tsaron ginin mata yana cikin abubuwan da ke yanke hukuncin ko yarinya za ta ci gaba da karatu ko za ta tsaya a bak. Wakiliyar ginin mata tana da duk nauyin da aka ambata, da ƙari: lura da ƙa'idar shigar baƙi, neman a haskaka hanyoyin da ke da duhu, da sauraren wadda ake matsa wa lamba, ko daga ɗalibi ne ko daga wani babba.

Irin wannan ƙara ba ta sulhun cikin ɗaki ba ce. Aikin wakiliya shi ne ta rufa wa mai ƙara asiri, ta raka ta wurin hukumar da ta dace in ta amince. Wannan kuma ba zai yiwu ba sai in mata suna da kujera ta gaske a inda ake yanke shawara, ba a bar su da aikin shara da girkin taro kaɗai ba.

Inda huruminsa ya tsaya

Domin a gane yadda ɗalibai suka kai ga riƙe oda da kansu, sai a waiwayi tarihi. Akwai tsohuwar al'ada da aka gada daga tsarin Faransa, wadda ta ce jami'an tsaro ba sa shiga harabar jami'a sai da izinin magabatanta. Ga kuma tabon da ke tsakanin ɗalibai da masu ɗamara. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 an harbe ɗalibai uku a gadar Kennedy da ke Yamai, lamarin da ya gaggauta zuwan tsarin jam'iyyu da yawa da babban taron ƙasa na 1991, inda USN ta taka rawa. Ranar 10 ga Afrilu 2017 kuma ɗalibi Malah Bagale ya rasa ransa a lokacin wata zanga-zanga a Yamai. Wanda ya taso da wannan tarihi zai fi yarda da ɗan uwansa ɗalibi bisa ɗan sanda.

Sai dai ikon da ba shi da mai sa masa ido yana iya wuce gona da iri. An daɗe ana zargin CASO ta Yamai da yanke hukunci da kanta, har da duka, ga wanda ake tuhuma da sata ko karya dokar yajin aiki. A watan Fabrairu 2018 ƙungiyar malaman jami'a, SNECS, ta shiga yajin aiki bayan ta ce ƴan komitin sun ci zarafin wani malami, ta nemi a rusa komitin. Jami'a ta kori shugabannin ɗalibai biyar, ɗalibai suka mayar da martani da nasu yajin, a watan Afrilu aka yi arangama da jami'an tsaro aka rufe gidajen kwana. Makonni na karatu suka salwanta, kuma waɗanda suka fi shan wuya su ne ƴan nesa da ba su da gidan da za su koma.

Côte d'Ivoire, ƙasar da ƴan Adar suka sani sosai, ta ga ƙarshen irin wannan hanya. Ƙungiyar FESCI, wadda aka kafa a 1990, ta yi shekaru ana zarginta da riƙe ɗakunan ɗalibai tana ba da su haya. A watan Oktoba 2024, bayan kisan wasu ɗalibai biyu, gomnati ta rusa ƙungiyoyin ɗalibai irinta, aka fitar da dubban mutanen da ke zaune a gidajen kwana ba bisa ƙa'ida ba.

Darasin a fili yake. Wakili yana da ikon tunatarwa, sulhu, rubutawa da kai rahoto. Ba shi da ikon duka, tsare mutum, ƙwace kayansa, cin tararsa ko fitar da shi daga ɗaki. In an kama ɓarawon waya, aikin wakili na farko shi ne ya kare shi daga hannun taro, sannan ya miƙa shi ga hukuma. Dokar ƙasa ba ta tsaya a bakin ƙofar jami'a ba: wanda ya ji wa wani rauni zai amsa tambaya gaban alƙali, kowane irin muƙami yake riƙe da shi a ƙungiya.

Yadda wasu ke yi

A jami'o'in Amurka, aikin kula da bene aiki ne da ake nema da takarda. Ɗalibin da ya yi shekara ɗaya ko fiye yana ajiye buƙatarsa, a yi masa tambayoyi, a ba shi horo kafin a koma karatu a kan sulhu, gobara da agajin gaggawa. Ladansa yawanci ɗaki ne kyauta, wani lokaci har da abinci. Yana da daren da yake tsaron aiki, yana rubuta rahoto, amma ba ya hukunci, kuma akwai cikakken ma'aikaci a samansa. A Faransa tun 1937 aka yi doka ta ɗaukar ɗaliban jami'a aikin kula da makarantun kwana na sakandare, ana biyan su don su samu abin ci gaba da karatu, har zuwa 2003 da aka sauya tsarin. A jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, mazauna kowane gidan kwana suna da gwamnansu ɗalibi, yana aiki tare da ma'aikatan ofishin kula da lamurran ɗalibai. A jami'ar Cheikh Anta Diop ta Dakar kuwa, makin jarrabawa ne ke kan gaba wajen rabon ɗakuna.

Tsarin Nijar yana da wani ƙarfi da na Amurka ba shi da shi: wakili na ɗalibai ne, ba yaron hukuma ba, saboda haka yana iya buga teburi in abinci ya lalace ko an yi jinkirin gyara. Rauninsa kuma shi ne ƙarancin horo, rashin rubutacciyar iyaka, da haɗa aiki biyu a hannu ɗaya. Mutumin da ke jagorantar yajin aiki da safe, shi ne kuma ke da ta cewa a kan ɗakinka da dare. Wanda bai goyi bayan yajin ba, ina zai kai ƙara?

Nauyin da ke kan mai aikin

Bai kamata a manta cewa wakili shi ma ɗalibi ne da uwayensa ke jiran sakamakonsa ba. Shugaba juji ne, in ji Hausawa. Ana tashe shi cikin dare, yana kashe kuɗin wayarsa, wani lokaci ya biya kabu-kabu daga aljihunsa don kai marar lafiya. In gyara ya yi jinkiri ɗalibai su zarge shi da haɗa baki da hukuma, in ya matsa hukuma ta ɗauke shi mai tayar da fitina. Wanda bai iya raba lokacinsa ba yakan biya da shekarar karatunsa.

Amma makaranta ce babba. Wanda ya iya zaunar da mutum biyu masu fushi, ya rubuta takardar ƙorafi mai ma'ana, ya riƙe asusun gini ba tare da dala ta ɓace ba, ya koyi abin da ba a koyarwa a aji. Da yawa cikin ƴan siyasa, ƴan ƙungiyoyin ƙwadago da na farar hula na ƙasar nan a USN suka fara. Halin da suka koya a bakin resto, mai kyau ko marar kyau, shi suke ɗauka zuwa ofis.

Abin da za a iya yi

Gyaran ba ya buƙatar miliyoyi. Abu na farko shi ne takarda ɗaya da CROU, hukumar jami'a da ƙungiyar ɗalibai za su sa wa hannu, mai bayyana abin da wakili zai yi da abin da ba zai yi ba, a manna ta a ƙofar kowane gini. Na biyu, horon kwanaki kaɗan a farkon shekara, wanda ƴan kwana-kwana, ƙungiyar agaji ta Croix-Rouge da ma'aikatan lafiya na garin za su iya bayarwa. Na uku, ma'aikaci mai tsaron dare wanda lambarsa ke hannun kowane wakili. Na huɗu, wata sakayya a bayyane, ko ta ɗaki ko ta takardar shaida, domin aikin da ba shi da lada a fili yakan nemi ladansa a ɓoye.

Uwaye ma suna da nasu. In kun kawo yaro, ku nemi sanin sunan gininsa da lambar ɗakinsa, ku karɓi lambar wayar wakilin ginin da ta abokin kwanansa, ku kuma haɗa shi da wani dattijo a cikin gari wanda za a iya kira in ta ɓaci. Ku gaya masa kada ya ba kowa kuɗin ɗaki ba tare da rasit na CROU ba. In yana da wani ciwo na dindindin, kamar asma, farfaɗiya ko sikila, ya sanar da ɗakin shan magani da wanda suke kwana tare tun ranar farko.

Su kuma ɗalibai, ƙuri'ar da suke jefawa wajen zaɓen wakilai ba ta wasa ba ce. Wanda ya fi iya ɗaga murya a taro ba lalle ne ya zama wanda zai tashi ƙarfe uku na dare ya nemo mota ba. Kafin a zaɓi mutum, a tambayi waɗanda suka kwana ɗaki ɗaya da shi.